Me ya sa yaƙi da cututtukan tsirrai yake cin tura?

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya sa cutar tsirrai da ta shigo daga wata ƙasa take gagarar hukuma, alhali masana sun san hanyar daƙile ta. A ganina, sau da yawa matsalar tana wurin mutane.

Dubi abin da ya faru a yankin Puglia na Italiya. A 2013 aka gano ƙwayar cutar Xylella tana busar da itatuwan zaitun. Ƙwari masu tsotson ruwan tsiro ne ke yaɗa ta, kuma ba ta da magani, don haka Tarayyar Turai ta ce a sare bishiyar da ta kamu har da na kewayenta, tazarar mita 100. Manoma suka ce ba za ta saɓu ba. Bishiyar da mutum ya gada tun kaka da kakanni, ganyenta kore shar, a ce ya sa mata gatari? Aka yi ta zanga-zanga, wasu ma suka ce makirci ne. A ƙarshen 2015 masu gabatar da ƙara suka dakatar da saran, suka hau binciken su kansu masanan da ke nazarin cutar. Ana wannan ja-in-ja cutar na ta nausawa arewa, miliyoyin itatuwa suka mutu.

Ni ban ga laifin manomin sosai ba. Idan diyya ba ta kai asarar manomi ba, ko ta makara, zai ɓoye cutar ya yi gum. In kuma maƙwabcinsa ya ƙi sare nasa, shi ma sai ya ga wahalar banza yake yi, tunda ƙwaro bai san iyakar gona ba.