Na ninka magani, amma tsutsa sai ƙaruwa take

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina noman wake da masara da damina, tumatir da rani a Kura. Shekara uku ke nan da na tone shingen gonata, na sare gawo biyu don tarakta ta samu hanya. Tun daga nan kusan duk sati sai na yi feshi, har magani biyu nake haɗawa, amma darɓa da tsutsa sai gaba suke yi. Bana da bashi na sayi magani. An ce wai ƙwaro na kashe ƙwaro. Gaskiya ne, ko in nemi wanda ya fi ƙarfi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Gaskiya ne. A yankin Maraɗi ana rataye buhunan wani ɗan mitsitsin zanzaro a gonakin gero. Macen ta harbi murzuna, tsutsar da ke cin zangarniyar gero, ta sandare, ta yi ƙwai a jikinta, 'ya'yan su cinye ta.

Amma maganar "wanda ya fi ƙarfi" ita ta ishe ni, kullum sai na ji ta. Wa ya ce duk abin da ke motsi a gona maƙiyi ne? Juya ganyen wakenka da sassafe. Ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi darɓa yake ci. Gizo-gizo, ƙoƙi-ƙoƙi, zanzaro, tururuwa, duk leburorinka ne da ba sa karɓar ko sisi. In ka yi feshi su ke fara mutuwa, don a fili suke. Tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 tana can ɓoye cikin naɗaɗɗen ganyen tsakiyar shukar, ta tumatir kuma tana cikin naman ganye. Ita kuwa darɓa ko namiji ba ta jira, haihuwa kawai take. Waɗanda suka tsira su haifi masu jure maganin, kai kuma ka koma wurin mai tebur a kasuwa, ya zuba maka wani abu a gorar ruwa, ba suna ba ma'auni, ya ce "wannan ko maciji ne zai kashe". Me ya sani? Mutanen Kadawa da Kura sun sha feshi a 2016, tumatir bai tsira ba. Sannan a fesa yau a tsinka gobe a kai wa Musulmi su yi miya. Ku ji tsoron Allah.

Shingen da ka tone kuwa nan ne mafakar waɗannan leburorin naka da rani. Gawo ma ba ya tare wa shukar damina rana, da damina yake zubar da ganye.

Mayar da shingen, ka bar tohon gawo ya tashi. Daka 'ya'yan darbejiya, kamar giram 50 a kowace litar ruwa, jiƙa ya kwana, ka tace, ka fesa da yamma. In ta kama sai na kanti, magani ɗaya mai rajistar NAFDAC, bisa ma'aunin jikin kwalba, a inda ɓarnar take kawai.