Kwamfutata sabuwa ce, me ya sa baƙuwar da ke cikinta ke kukan tsohon furosesa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ƙirƙiri kwamfutar cikin kwamfuta da QEMU da KVM don in girka Rocky Linux 9, amma tun kafin a je ko'ina sai ta tsaya da saƙon "CPU does not support x86-64-v2". Kwamfutar tawa kuwa ba tsohuwa ba ce. Mene ne matsalar? Kuma in kunna duk abubuwan furosesa da na gani ne kawai in huta?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, lafiyar kwamfutarka ƙalau. Baƙuwar ce, wato kwamfutar cikin kwamfuta da ka ƙirƙira, ba a nuna mata ainihin furosesan mai masaukinta ba, wato kwamfutarka ta gaske.

Duk manhajar da ke son sanin abin da furosesa zai iya, tambayarsa take yi da wani umarni mai suna CPUID, shi kuma ya lissafa mata: ina da SSE4.2, ina da AVX2, ina da AES, da sauransu, kowanne alama ce ta wani rukunin umarni da furosesan ya iya. To a cikin baƙuwa, ba furosesan ke amsawa da bakinsa ba, QEMU, manhajar da ke ƙirƙirar baƙuwar, da KVM, sashen Linux da ke barin ta aiki kai tsaye da furosesan gaske, su ne ke amsawa a madadinsa. Idan ba ka zaɓi komai ba, QEMU zai gabatar da samfurin qemu64, wanda da gangan aka rage masa kaya domin ya tashi a kan kusan kowace na'ura. Babu SSE4.2 a cikinsa. Shi kuwa matakin x86-64-v2, wanda AMD da Intel da Red Hat da SUSE suka tsara a 2020 tare da v3 da v4, yana buƙatar SSE4.1 da SSE4.2 da SSSE3 da POPCNT, wato kayan da suka cika tun zamanin furosesan Intel mai suna Nehalem a 2008. RHEL 9, wato Linux na kamfanin Red Hat, da danginsa irin su Rocky a kan wannan matakin aka gina su.

Idan kwamfuta ɗaya ce gare ka, kuma baƙuwar ba za ta taɓa ƙaura zuwa wata na'ura ba, rubuta -cpu host a layin umarnin QEMU, wanda ke nuna mata ainihin furosesanka, ko ka zaɓi host-passthrough in da libvirt, manhajar kula da baƙi, kake aiki. Shi ke nan. Sai dai ka kashe baƙuwar gaba ɗaya sannan ka kunna, domin sake tayar da ita daga ciki ba ya canza furosesan da aka ba ta. Bayan ta tashi ka duba da umarnin lscpu, wanda ke lissafa abin da furosesa ke da shi.

Inda nake so ka natsu shi ne rabi na biyu na tambayarka. Kowace alama da ka kunna alkawari ce ka ɗauka wa baƙuwa. Tana karanta jerin lokacin tashi, manhajojinta su zaɓi hanyar aiki bisa abin da suka ji, ba su kuma tsammanin jerin ya canza a tsakiyar aiki. Ka ɗauka kana da saba biyu, wato kwamfutocin da ke saukar da baƙi, masu furosesan Intel, ɗaya Haswell mai AVX2, ɗaya Sandy Bridge ta 2011 wadda AVX kawai ta sani. Ka tayar da baƙuwa a kan ta farko da -cpu host, sannan ka mayar da ita ta biyu tana cikin aiki. Ko dai a ƙi ƙaurar tun farko, wanda shi ne sa'arka, ko manhaja ta faɗi da saƙon "Illegal instruction" a lokacin da ba ka zata ba. Saboda haka mai saba da yawa ya auna da mafi raunin cikinsu, ya zaɓi samfuri mai suna kamar SandyBridge ko EPYC, sannan ya ƙara abin da dukkansu ke da shi ɗaya bayan ɗaya, misali -cpu SandyBridge,pcid=on. Umarnin virsh hypervisor-cpu-baseline zai iya fitar maka da abin da suka yi tarayya a kai. Ina kuma roƙonka ka riƙa ƙara kalmar enforce a ƙarshen layin. Ba tare da ita ba, QEMU gargaɗi kawai zai yi ya jefar da alamar da mai masauki ba shi da ita, kai kuma kana zaton tana nan.

Wani abin da mutane ke yawan ruɗewa a kai: a ƙarƙashin KVM ba ka iya ƙirƙiro abin da ƙarfen ba shi da shi, domin furosesan gaske ne ke gudanar da umarnin. Kwaikwayo zalla daban yake. Idan babu KVM, QEMU yana fassara kowane umarni da injinsa na TCG, kuma tun sigar 7.2 ta Disamba 2022 yana iya kwaikwayon AVX da AVX2 ko da mai masauki bai san su ba. A nan -cpu max ake rubutawa, don -cpu host ba ya aiki. Jinkirin kuwa ba a magana, ya dace da gwaji amma ba aikin yau da kullum ba.

Akwai alamomin da ni ba na yarda a bar su a kashe muddin ƙarfen yana da su. Ta farko aes, domin ɓoye bayanai ba tare da ita ba yana cin ƙarfin furosesa a banza. Sai na tsaro da suka biyo bayan Spectre da Meltdown na Janairun 2018, irin su spec-ctrl da ssbd, da md-clear da ta zo daga baya. Tsofaffin samfura masu suna ba sa zuwa da waɗannan na tsaro, kuma in baƙuwa ba ta gan su ba, ba za ta yi amfani da kariyar da furosesan ya tanada ba. Amma vmx na Intel da svm na AMD, ka ƙyale su sai in kana son baƙuwar ita ma ta sauki tata baƙuwar.

In kuma kana shirin hawa RHEL 10 ko danginsa nan gaba, ka duba tun yanzu ko dukkan sabobinka sun kai Haswell na 2013 ko makamancinsa, domin shi RHEL 10 matakin x86-64-v3 yake nema, da AVX2 da FMA da BMI2 a ciki.