Ma'anonin "gather" da kalmomin da ke maye gurbinta

Tambaya: Malam, nakan ci karo da "gather" a jimlolin da ma'anar tarawa ba ta shiga ko kaɗan. Ma'anoninta nawa ne, kuma daidai take da "collect"?

Amsa: Tushen ma'anarta shi ne haɗa abin da yake warwatse wuri guda. Mu a Hausa mun raba "tara" da "taru", amma Bature da kalma ɗaya yake yin duka biyun. Don haka ka duba abin da ya biyo bayanta. In akwai karɓau, wato abin da aikin ya faɗa a kansa, tarawa ce: "she gathered the papers", ta tattara takardun. In babu, taruwa ce: "people gathered", jama'a sun taru.

Wadda ta ruɗa ka, ina kyautata zato, ita ce irin "I gather he has left". Nan ba a tara komai ba. Nufin mai maganar shi ne "na fahimci ya tafi", kuma fahimtar daga jin labari ko ganin alamu ta zo, ba da idonsa ya gani ba. Akwai kuma "gather speed", wato mota na ƙara gudu sannu a hankali, da "gather dust", abin da aka jingine ba a amfani da shi. A ɗinki kuwa, tattarar da tela ke yi wa yadi ce.

"Collect" ce mafi kusa da ita, kuma a kan tattara bayanai kowacce ka sa ta zauna. Sai dai "collect" tana ɗauke da tsari da niyya: karɓar haraji ko bashi, ko tara tsofaffin kuɗi don sha'awa. Tana kuma nufin zuwa ɗauko wani abu, kamar "collect the children from school". Kuskuren da ya yawaita shi ne mayar da kowace "karɓa" ta zama "collect". In kyauta aka miƙo maka, "receive" ko "accept" za ka ce.

Sauran kowacce da muhallinta. "Assemble" ta mutanen da suka hallara don wata manufa ce, ko harhaɗa sassan na'ura. "Accumulate" taruwa ce kaɗan-kaɗan, irin ta bashi ko ƙura, "amass" kuma tara dukiya mai ɗimbin yawa. "Compile" haɗa rahoto ko jerin sunaye ne daga wurare daban-daban. Ka yi hattara da "hoard", domin akwai zargi a cikinta: tara kaya ne a ɓoye su alhali jama'a na nema.