Na jera kujeru 80, mutum 9 suka zo

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba, ina gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Ni ma'aikaci ne a wata mahalliya a gabashin Sudan, wato hukumar da ke kula da garinmu. Wata huɗu ke nan da aka ba ni ofishin wayar da kai da hulɗa da jama'a. Aikin farko da aka sa ni shi ne in tara mutane kan yashe magudanai kafin damina. Na buga takarda, mota ta zaga da lasifika, na yi hayar kujeru 80. Mutum 9 suka zo, uku ma sun zaci rabon kayan agaji ne. Abin da ya fi ƙona mini rai, unguwar da aka yanke mini cibiya ce. Kawuna ya ce mini, "Tun da ka shiga ofis ka zama nasu." Shugabana kuma cewa yake ban iya aiki ba. An ce ka daɗe kana wannan aiki, Baba. Ina na kuskure?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Gode wa Allah da mutum taranka. Taron farko da na kira ina sabon ma'aikaci, mutum huɗu na samu, ɗayansu mai kujerun ne yana jiran kuɗinsa.

Ba ka faɗa mini lokacin da ka sa ba, amma na san da hantsi ne, don shi ne lokacin da ya yi wa ofis daɗi. A wannan sa'a magidanci yana kasuwa ko yana gyaran gona, uwargida tana kan tukunyar godogodo, ma'aikaci kuma hankalinsa na kan faɗur, wato karin kumallon hantsi. Ƙasar noma kake, dawa da riɗi ke tsara wa mutane kwanakinsu. Kada ka kuskura ka kira taro lokacin yankan riɗi, don in ya nuna ba a yanke ba fashewa yake ya zube, ba mai barin gumin shekara ya zo sauraren jawabi.

Wannan ƙaramar magana ce. Mu zo kan kawunka.

Dattijon nan tarihi yake karanta maka. A 1971 Shugaba Numairi ya kawo dokar ƙananan hukumomi, aka ture umda da shehu, masu sarautar gargajiya, gefe, aka ce majalisu ne za su riƙe unguwa. Bayan 1989 sai ga lajna sha'abiyya, wato kwamitocin unguwa, masu rabon sukari da ba da takardar shaidar zama, waɗanda da yawa ke kallo a matsayin kunnen gwamnati. Al-Bashir ya faɗi a 2019, aka kafa lajnar sauyi da hidima. Duk wanda ya zo sai ya tara mutane ya rubuta sunaye, kwatar ƙofar gidan kawu kuwa tana nan inda take. Ƙara da namu na Hausawa. Kakanninmu sun biyo hanyar hajji, wasu sun taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, hannunsu na cikin audugar Jazira tun 1925, amma har yau akwai jikan da za a tsare da tambayar asalinsa idan ya je neman takarda. Mutumin da ya taso a haka, in ya hango ɗan ofis da littafi a hannu, abu uku ke zuwa masa: haraji, rusau, ko binciken takardu. Kai kuma da littafin ka je musu.

To, bar hayar kujera. Jama'a suna da wuraren zamansu tun kafin a haife ka: gindin darbejiya bayan la'asar, ƙofar masallaci bayan magariba, bencin mai agashe da dare, zaman makoki, wajen mai shayi. Je ka zauna, ka sha jabana, wato gahawa, ka yi sati biyu ba ka ce uffan kan magudana ba. Gaida liman da umda a gidajensu kafin ka sa rana, don babba ba ya son jin labarin unguwarsa daga bakin lasifika. Kuma kada ka kira abin taro. Ka ce gayya, abin da maƙwabtanmu ke kira nafir. Mutanen ƙasar nan ba sa bukatar a koya musu haɗa kai. Lokacin ambaliyar 2013 a Khartum matasa ne suka tashi da kansu da sunan Nafir, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, tukwanen takiya, wato girkin sadaka na unguwa, su ne suka ciyar da bayin Allah da yawa. Hannu suna da shi. Abin da ba su da shi mota ce da mai da shebur, wannan ne rabon hukuma.

A nan ne na taɓa cin ƙasa, kuma gara ka ji daga bakina. Wata shekara na tsaya gaban jama'a na buga ƙirji na ce su yashe, motar kwasa za ta zo ranar Asabar. Suka fito har da yara. Baƙar lakar nan tamu mai kama ƙafa suka tara tuli-tuli a bakin hanya. Asabar ta zo, aka ce ba mai. Ta biyu, aka ce an ari motar. Ruwan farko ya sauka da dare, ya mayar da komai cikin kwata, har ya shiga wa wata tsohuwa ɗaki. Ni kuma kunya ta hana ni komawa. Daga baya limaminsu ya ce mini ba rashin motar ya ɓata musu rai ba, sun saba, ɓacewar da na yi ce. Sai da na yi damina biyu kafin a sake yi mini shimfiɗa a unguwar.

Tun daga nan na ɗauki wata ɗabi'a. Duk koken da aka kawo sai in rubuta a gaban mai shi, in karanta masa, in sa ranar dawowa. Ranar na cika zan zo ko hannuna wayam ne, in ce wannan an yi, wannan sai wata kaza, wannan kuwa ba za a yi ba bana don babu shi a kasafi. Ta ukun nan ita ce mai nauyi a baki, za a yi maka tsaki, wani ma ya zage ka. Amma ita ce ke sa a yarda da sauran biyun. Alkawarin mota kuwa, sai ka ga direba da idonka, ka ga takardar mai da sa hannu.

Mata fa? Cikin taranka na tabbata babu mace, alhali shara da ruwa a hannunsu suke. Mun taɓa ajiye babban mazubin shara inda maza suka zaɓa, ashe dab da rumfar da suke hira ne. Wace matar aure ce za ta ratsa majalisa da bokitin shara a ka? Suka ci gaba da zubawa a kwari. Nemi uwar adashe da ungozoma da malamar islamiyya, ka tafi da abokiyar aiki mace ta shiga cikin gida. A can ne ma za a yi maganar sauro yadda ya kamata. Wanda ya ga kankasha, wato zazzaɓin cikungunya, a Kassala a 2018 ya san yadda take naɗe mutum. Sauron da ke kawo ta, shi ke kawo zazzaɓin dengi, kuma a ruwa mai kyau yake ƙwai: randa, ganga, tsohuwar taya. Da rana yake cizo. Ko ka yashe kwatar gari kaf, in ba a rufe randa ana wanke ta duk mako ba, yana nan.

Takardarka da Larabcin ofis ka rubuta ta, na sani. Yi saƙon murya na minti ɗaya da Hausa ka tura zaurukan WhatsApp, ka yi wani da Larabcin kasuwa. Sai dai ka kula, kai ma'aikacin gari ne duka. Abin da ka kai unguwarku ka kai wa Bani Amir da Hadandawa da Nuba da kowa a mako guda, kada a ce ɗan Hausa ya samu kujera ya ja mota gidansu. Rikicin da ya ɓarke tsakanin Hausawa da wasu ƙabilu a jihar Shuɗin Nilu a Yulin 2022 ya ishe mu ganin yadda magana ke saurin komawa ta ƙabila.

Shugabanka kuwa, daina kai masa lissafin kujeru. Kai masa takarda ɗaya: ga kwata kaza, ga gidajen da ruwa ke shiga, ga ranar da mutane suka yarda su fito, ga abin da ake nema daga ofis. In da hali ka ja injiniya ya taka da ƙafarsa. Rabin aikinka a cikin ofis yake, kai kukan unguwa inda ake yanka kasafi. Kawu kuma, kai masa goro ka roƙe shi ya zauna kusa da kai ranar gayya.

TAMBAYA: Baba, ni 'yar Wad Madani ce, mun baro gida a Disambar 2023 saboda yaƙi, muna haya a wata unguwa a nan gabas. Ana kiran zaman unguwa kan ruwa, ina son in yi magana amma ina jin nauyi, tunda baƙuwa ce ni. Ya dace in je?

AMSA: 'Yata, Allah ya mayar da ku gida lafiya. Je ki. Jarkar da kike saya wajen mai amalanken jaki kuɗinta ɗaya da ta 'yar gari, kuma kwalarar da aka sanar a Agustan 2024 ba ta tambayi kowa takardar zama ba. Ki fara shiga wajen uwar adashe ko matar liman ki gabatar da kanki, ku tafi tare, ki bari ita ta ce ga baƙuwarmu tana da magana. Ki je da abu ɗaya tak: nawa kuke sayen ganga, kwana nawa famfo ke yi bai kawo ba. In an rubuta, ki tambayi mai littafin ranar da zai dawo da amsa.