Nazarin ƙasusuwan dabbobin dauri: ta ina ake farawa?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Kaduna, bana zan gama sakandare. Burina in zama malamin jami'a mai binciken ƙasusuwan dabbobin da suka ɓace tun zamanin dauri. Yayana ya ce wannan karatun Turawa ne, kuma ba ya ba da abinci. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka. A ƙasarmu ƙofar wannan fage ita ce jiyoloji, ilimin duwatsu, kuma ga sashensa nan kusa da kai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ka dage da fiziks, kemistiri da lissafi, kada kuma ka yar da bayoloji, domin wanda bai san ƙirar jikin kada mai rai ba, ba zai gane haƙarƙarin kadan da ya zama dutse ba. Bayan digirin farko sai na biyu da na uku, kafin ka zauna daram a koyarwa.

Sai dai ba za ka tono ƙashi a Kaduna ba. Duwatsunmu tsofaffi ne ƙwarai, wasu daga narkakken dutse suka samu, wasu zafi da matsi sun sauya su, ba sa riƙe burbushin halitta. Sakkwato za ka nufa. A da can teku ya taɓa ratsa Sahara ya kwanta a yankin, ya bar laka da farar ƙasa hawa-hawa, waɗanda masana suka raɗa wa sunayen garuruwanmu: Dukamaje, Dange, Kalambaina. A shimfiɗar Dukamaje aka samu Goronyosaurus, ƙaton mai rarrafe na cikin teku da ya ci sunan Goronyo. Wani masani a Landan, Swinton, ya fara bayyana ƙasusuwansa a 1930, masanan Italiya suka ba shi wannan suna a 1972. A Nijar kuma hamadar Gadufawa ta ba da Nigersaurus, dinoso mai haƙora ɗaruruwa, wanda Paul Sereno na Amurka da abokan aikinsa suka sa wa suna a 1999. Ka lura da masu sa sunayen. Ƙasar tamu ce, binciken na baƙi, abin kuwa yana damuna matuƙa.

Yayanka yana da gaskiya ta wani ɓangare: guraben binciken ƙashi zalla kaɗan ne ko a Turai. Shi ya sa nake so ka riƙe ilimin jerin shimfiɗun duwatsu hannu bibbiyu. Shi ke nuna wace shimfiɗa ta riga wace, ta ƙasa ta girmi ta sama matuƙar ba a birkice su ba. Ƙashin da aka tsinto ba a rubuta shimfiɗarsa ba ya rasa yawancin darajarsa, don ba za a san ko dabbar ta rayu kafin babbar halakar da ta shafe dinoso shekara miliyan 66 da suka wuce ko bayanta ba. Wannan ilimin kuma shi masu neman mai da ruwan ƙarƙashin ƙasa da kamfanonin siminti suke biya a yi musu.

In ka kai ajin ƙarshe, ka nemi aikin bincikenka ya faɗa kan kwarin Sakkwato, a inda tsaro ya ba da hali. Ka auna shimfiɗa da hannunka, ka zana ta, ka ajiye littafi mai tsafta da za ka riƙa rubuta abin da ka gani a wurin. Da shi za ka rubuta wa malamin da kake so ya duba digirinka na gaba, a gida ko a waje, sannan ka nemi tallafin karatu irin na PTDF, asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur.