Amsa: Kai iyali Abha da dutsen Sauda lokacin zafi

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka ce zafin Jidda ya ishe ku, kana so ka kai iyali Abha, amma kana tambaya ko tafiyar za ta biya kuɗinta. Za ta biya, in dai ka shirya.

Abha, a kudu maso yammacin Saudiyya, tana kan tudu sama da mita 2,200, dutsen Sauda da ke kusa da ita kuwa yana wajen mita 3,000. Iska mai laima ce ke tasowa daga Bahar Maliya, ta hau dutsen, ta yi sanyi, ta koma gajimare. Da rana tsaka sai ka ga ya rufe dajin itacen ar'ar, ganye na ɗigar ruwa, motar da ke gabanka ma ba ka gani. Saboda haka ka fita da sassafe, kada ka yarda yamma ta same ka a gangaren da ke sauka Tihama, wato kwarin da ke tsakanin duwatsun da teku. Hanyar kwana-kwana ce, ka sa makanike ya duba birki tun a Jidda.

Yara su tafi da rigunan sanyi, ko a Yuli ne.

Birai kuma suna nan bakin titi, sun saba da mutane. Kada yaro ya riƙe leda a hannu, za su fizge, kuma don Allah kada a ba su abinci.

Masauki yakan yi tsada a hutun makaranta, ka kama ɗaki tun yanzu. In kun samu yini guda, ku sauka ƙauyen Rijal Alma ku ga gidajen dutse masu hawa-hawa, ku sayo zuma a hanya.