Tambaya da Amsa: Bach da goge shi kaɗai

Tambaya: Malam, na saurari kiɗan Chaconne na Bach, mawallafin kiɗa ɗan Jamus, a YouTube a ɗauka biyu daban-daban, amma na ji sautin ɗaya ya fi ɗaya ƙasa. Laifin wayata ne? Kuma wane ɗauka zan nema?

Amsa: Wayarka lafiya lau take. Masu bin salon zamanin Baroque, wato zamanin da Bach ya rayu, sukan ɗaure gogen Turawa da tsirkiyar hanjin tunkiya, su saita sautin A, wanda ake daidaita kayan kiɗa da shi, a kan girgiza 415 a daƙiƙa, su kuwa na zamani a kan 440. Wannan tazarar ce kunnenka ya kama.

Chaconne ɗin ita ce ɓangaren ƙarshe na Partita ta 2, ɗaya cikin kiɗe-kiɗe shida na goge shi kaɗai da Bach ya kammala a 1720 a Jamus, masu lamba BWV 1001 zuwa 1006 a jerin ayyukansa. Takan kai kusan minti 14.

Ka fara da Rachel Podger, a faifan kamfanin Channel Classics. Bakan da take goga tsirkiya da shi na tsohon salo ne, gajere, mara nauyi, shi ya sa ake jin muryoyi biyu ko uku suna ratsa juna a goge ɗaya, ba tare da sun cakuɗe ba. Nathan Milstein, a ɗaukarsa ta Deutsche Grammophon, ya fi ƙarfi da zafi, ko da yake wani lokaci yakan girgiza sauti fiye da yadda nake so.

Abin da ke ɓata sauraro shi ne lasifikar waya, tana cinye ƙananan sautukan tsirkiyar G, wadda ta fi kowacce ƙasa a goge. Sa abin kunne. In ka ƙoshi da Bach, nemi Fantasiya 12 na goge shi kaɗai na Telemann, wani mawallafin kiɗa ɗan Jamus, na 1735.